Arba'in da Ɗaya Cikin Ɗari

Ƙofa, ranar Talata

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ko da yake tsakanin ɗakina da naki bai wuce taku goma ba, kuma ɗazu na ji ki kina faɗa da ƙannenki a kan igiyar ɗaure katifa. Allah Ya kai ki Doguwa lafiya, Ya tsare ki a hanya da bayan hanya, Ya haɗa ki da abokan aiki na kirki, Ya sa ki fara wannan aiki a sa'a.

Za ki yi mamakin abin da ya sa na koma rubutu alhali kullum muna gaisawa da safe. Shekara talatin da biyar na yi ina surutu a gaban aji, amma akwai maganar da bakina ya ƙi ɗauka. Kuma sunan mahaifiyata gare ki, ita kuwa ban taɓa iya kallon idonta in faɗi laifina ba.

Ga maganar a taƙaice, don kada ki yi ta neman inda na dosa. A makarantar da aka tura ki koyar da kimiyya akwai wata yarinya mai suna Bilkisu, 'yar shekara goma sha biyar. Cikin makonnin nan za ta zaɓi ko ta shiga ajin kimiyya ko ta bi ɓangaren adabi. Mahaifiyarta, Rabi, tsohuwar ɗalibata ce, kuma ta riga ta gaya mata ta nisanci kimiyya, wai su zuriyarsu ba su da kan lissafi. Wannan magana ba gaskiya ba ce. Ni na dasa ta a kan Rabi tun tana shekarun 'yarta, kuma har yau ban cire ba. Sauran abin da zan rubuta bayani ne na yadda malami yake kaiwa ga irin wannan aiki ba tare da ya taɓa jin shi mugu ne ba.

Kuskurena na farko ba ni kaɗai na yi shi ba, shi ya sa bai cika damuna ba, amma daga cikinsa sauran suka fito. Lokacin da aka tura ni wata sakandaren jeka-ka-dawo a ƙasar Tudun Wada, darasin farko na kowace shekara tarihin kimiyya ne. Yadda aka koya mini haka na koyar. In cika allo da sunaye, gaban kowane suna shekarar haihuwa da ta mutuwa da abin da mutumin ya gano. Yara su kwafa, su haddace, ranar jarrabawa su amayar mini, in ba su maki. A littafin akwai hotunan mutanen, duk masu ƙasumba, babu mai fara'a ko ɗaya. Ban taɓa gaya wa yaran cewa wani a cikinsu ya taɓa yin kuskure ba, don ni ma ban sani ba. Abin da suka tashi da shi shi ne, kimiyya kaya ce da aka gama haɗawa a ƙasar Turai aka ɗaure aka aiko, namu kawai mu karɓa mu ajiye.

Ke kada ki yi haka. In za ki ba su labarin wani, ki fara daga lokacin da bai sani ba. Ki gaya musu abin da mutane suke zato kafin shi, da abin da ya gani ya hana shi sakewa, da shekarun da ya ɓata yana bin hanyar da ba ta ɓulle ba. Yaro ɗan shekara goma sha biyar kullum cikin kuskure yake, kullum kuma ana yi masa faɗa a kai. In ya ji cewa manyan da ke cikin littafi ma sun yi ta lalube, zai daina ɓoye nasa.

Da na ɗan ƙara karatu na gano cewa malaman Musulmi sun yi aiki mai yawa a lissafi da taurari da magani, sai na faɗa wani ramin. Kullum maganata ita ce mu muka fara, daga wajenmu aka kwashe. Yara suna jin daɗi, har tafi suke yi. Wata rana wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to tunda mu muka fara, me ya hana mu ci gaba?" Na aike shi ofis ya ɗauko alli. Sai daga baya na lura jerin sunayen nan ne dai ban bari ba, ƙasumba kawai na musanya da rawani. Akwai ɗaya daga cikin malaman nan da ya duhunta ɗaki ya huda ƙaramar kafa, don ya nuna cewa haske ne yake shigowa ido, ba ido ne yake fitar da haske ba. Shi ne kuma ya yi gargaɗi cewa mai neman gaskiya ya tuhumi littattafan magabata, ya tuhumi kansa ma. Na yi shekara goma ina sa yara haddace sunansa, ban taɓa rufe taga ɗaya ba. Ke ki rufe. Ki ari zannuwa ki toshe tagogi, ki huda kwali, ki bar su su ga bishiyar bakin aji a kife jikin bango. Sunan zai zauna musu da kansa daga baya.

Yanzu ga Rabi. 'Yar Malam Hudu ce, ɗaya daga cikin mutanen da aka tasa lokacin da ruwan Tiga ya cinye garuruwansu. Da damina yana noman masara, da rani yana kan ruwa da kwalekwale. Yarinya ce siririya mara yawan magana, tana zama kusa da taga. Tana da wata ɗabi'a, duk abin da aka ba ta ta ƙirga sai ta ƙirga sau biyu, leɓenta yana motsi.

Kayan gwajinmu a makarantar nan risho ɗaya ne, da gwangwani, da ma'aunin zafi biyu, ɗaya ma fasasshe. Kowace shekara muna tafasa ruwa don a ga a wane mataki yake tafasa. Littafi ya ce ɗari. Ma'auninmu kuwa in ya kai casa'in da takwas sai ya tsaya, ko ruwan zai ƙone a gwangwanin. Kowace shekara sai in ce ma'aunin ya tsufa, ku rubuta ɗari. Yara ba wawaye ba ne. 'Yan shekarun baya sukan gaya wa na gaba, har ta kai ana rubuta ɗari tun kafin in kunna risho. A shekarar su Rabi, ina duba littattafai sai na ga nata daban. Na kira ta gaban aji.

"Rabi, me littafi ya ce?"

"Ɗari, Malam."

"Ke me kika rubuta?"

"Casa'in da takwas, Malam. Abin da na gani ke nan."

"Wato ke kin fi wanda ya rubuta littafin ido?"

Aji ya fashe da dariya, ni ma na ji daɗin dariyar, ba zan ɓoye miki ba. Na ja jan biro a kan abin da ta rubuta na ce ta koma ta zauna.

Ma'aunin nan lafiyarsa ƙalau. Ƙasarmu ta kudancin Kano a kan tudu take, nauyin iska a nan bai kai na bakin teku ba, don haka ruwa yana tafasa kafin ya kai ɗari. Abin haushin shi ne na san wannan. A wani zangon karatu ni da kaina nake yi musu shifta cewa in an hau sama ruwa yana saurin tafasa. Amma a kaina wannan magana ta duwatsun wasu ƙasashe ce masu ƙanƙara, bai taɓa faɗo mini cewa mu ma a saman muke ba. A tarihin da nake sa su haddacewa akwai wanda ya roƙi surukinsa ya hau dutse da ma'auni, yana tsayawa yana dubawa, don a tabbatar iska tana da nauyi kuma nauyin yana raguwa in an hau. Darasi mafi kyau da zan taɓa koyarwa ya zo mini har gaban tebur, a littafin yarinya, na soke shi da biro.

Doguwa ta fi Tudun Wada tudu, don haka ki shirya, naki ma'aunin ma ba zai kai ɗari ba. Ranar da yaro ya kawo miki lambar da ta saɓa wa littafi, kada ki fara da cewa ya yi kuskure, kada kuma ki fara da cewa ya yi daidai. Ki ce ya sake a gabanki. Ki ari wani ma'aunin a asibiti ko a wata makarantar. In lambar ta ƙi canjawa, ki rubuta ta a allo ki tambayi ajin me ya sa, ko da ke ma ba ki sani ba a lokacin. Ba a mutuwa don an ce wa yara "ban sani ba, mu bincika." Ni na ɗauka ana mutuwa, shi ya sa ban taɓa gwadawa ba.

Rabi ta ɗaga hannu sau ɗaya a wannan shekarar. Ina yabon madatsar ruwan Tiga ne, ina lissafa alherin da ilimin zamani ya kawo mana, noman rani da tumatir da kifi da ruwan sha. Duk gaskiya ne, har gobe ma zan faɗa. Ta miƙe ta ce, "Malam, kakata ta ce masu awo sun zo garinsu sun auna komai, har bishiyoyi sun ƙirga. Ta ce in tambaye ka ko akwai ma'aunin da ake auna abin da mutum ya rasa in an tashe shi daga inda aka binne iyayensa." Na ce wannan ba ya cikin manhaja.

Yana ciki, Ummi, ko ba a rubuta ba. Yaran da za ki koyar 'ya'yan manoma ne da makiyaya, sun san taki sun san maganin feshi tun kafin su san sunanki. Ki gaya musu cewa mutumin da ya gano yadda ake haɗa takin zamani daga iska, wanda albarkacinsa gonakin duniya suke ciyar da jama'a, shi ne kuma ya ba da iliminsa aka haɗa iskar guba aka kashe mutane a yaƙi. Ki gaya musu an taɓa gwada magunguna a jikin talakawa ba tare da an tambaye su ba, kuma masu gwajin sun ɗauka alheri suke yi. Ba don su tsani ilimi za ki gaya musu ba. Don su saba ne, duk abin da aka kawo musu, su tambaya wa zai amfana, wa zai ɗauki wahalar, kuma shi mai ɗaukar wahalar an shawarce shi ko ba a shawarce shi ba. In yaro ya kawo tambayar kakarsa aji, ki ba ta wurin zama.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi ya faru ne gab da damina. Akwai wani attajiri a garin, Alhaji Mamuda, Allah Ya jiƙansa, shi ne shugaban ƙungiyar iyaye da malamai. Shi ya yi mana bencina, shi ya rufe ajin da iska ta yaye. Yana sayar da irin masara na zamani, sai raɗe-raɗi ya tashi cewa irin da ke sitonsa ya kwana biyu, ya sha zafin kwano shekara da shekaru. Ya zo makaranta da tiya ɗaya ya ce in gwada masa, in ba shi takarda ya liƙa a shago mutane su huta da surutu. Bai ce in yi ƙarya ba. Cewa ya yi, "Malam, na san za ka duba mana da kyau."

Gwajin iri ba shi da wuya, kin sani. A ƙirga ƙwaya ɗari, a jera a kan jiƙaƙƙen buhun algarara, a naɗe, a ajiye a inuwa, ana yayyafa ruwa har mako guda, sannan a buɗe a ƙirga waɗanda suka tsira. Na ba Rabi aikin, don duk da abin da ya faru na san babu mai kula kamarta. Kullum da safe sai ta ɗebo ruwa a rijiya ta yayyafa. Ranar da mako ya cika aka buɗe buhu a gaban aji, ta durƙusa ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, leɓenta yana motsi.

"Arba'in da ɗaya, Malam."

"Sake dubawa. Akwai waɗanda suka fara tsagewa."

"Na sa su a ciki, Malam. Arba'in da ɗaya ne har da su."

Na ce ta tashi, ta rikita lissafi, ga shi ma ta cika wa buhun ruwa. Na ce iri mai kyau casa'in yake bayarwa, na rubuta casa'in a allo, kowa ya kwafa. Ita ma ta kwafa, na tsaya a kanta har ta rubuta.

Da aka tashi, bayan azahar, na koma ajin ni kaɗai na durƙusa a inda ta durƙusa. Na ƙirga sau biyu. Arba'in da ɗaya ne. Buhun kuma laimarsa daidai, ba ta cika masa ruwa ba. Na kwashe masarar na watsa wa kajin maigadi, na je ofis na rubuta wa Alhaji takardarsa, na buga mata hatimin makaranta.

Na sha tambayar kaina me ya sa. Ba a ba ni ko ƙwandala ba, ba a kuma tsorata ni ba. Kunya ce ta mutumin da muke zaune a kan bencinsa, da kuma sabo. Hannun da ya yi shekaru yana rubuta ɗari a inda ido ya ga casa'in da takwas bai sha wata wahala ba wajen rubuta casa'in a inda aka ƙirga arba'in da ɗaya. Har na lallashi kaina cewa wataƙila a gona irin zai fi haka. Shi ya sa nake ce miki ki ji tsoron ƙaramin gyara, irin wanda ba ya cutar da kowa. Shi ne yake koya wa hannu hanya.

Allah Ya sake ba ni dama, na sake watsar da ita. Bayan kwana uku Malam Hudu ya zo makaranta a kan kekensa, ya jingine shi a gindin darbejiya, ya cire takalmi kafin ya shigo ofis. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, yarinyar nan ce ta tasa ni gaba, wai kada in sayi irin Alhaji, wai fiye da rabi ya mutu. Na ce mata to, bari in je in ji daga bakin mai ilimi."

Na ce, "Yara ne, Malam Hudu. Tana da ƙoƙari, amma lissafi yana ba ta wahala."

Ya yi dariya ya ce, "Ai na faɗa mata. Na ce ke da malaminki wa ya san abin? Allah Ya saka da alheri, Malam."

Ya shuka gonarsa gaba ɗaya da irin nan. Na bi ta wajen bayan mako biyu, ba don hanyata ba ce. Tsiro ɗaya nan, ɗaya can, tsakaninsu jar ƙasa. Ya sake shuka a guraben, amma lokaci ya riga ya ƙure. Abin da ya rufa mini asiri shi ne ruwa ya ɗauke na 'yan kwanaki bayan shuka, sai mutane suka ɗora laifin a kan ruwa, duk da gonakin da aka shuka da irin gida sun fito sosai. Wasu sun yi gunaguni a kan Alhaji. Ni babu wanda ya taɓa ambata. A shekarar nan rumbun Malam Hudu ya ga ƙasa tun sanyi bai wuce ba, ya ƙarasa ranin a kan ruwa, yana kwana uku huɗu bai ga gida ba. Rabi ba ta sake ɗaga hannu a ajina ba. Da lokacin zaɓen aji ya zo ta bi ɓangaren adabi, ni na sa hannu a takardar.

Akwai labarin da nake son bayarwa a aji a shekarun nan, na wani likita da ya lura mata suna mutuwa bayan haihuwa saboda likitoci suna taɓa gawa su zo su taɓa masu jego ba su wanke hannu ba. Ya ce a riƙa wanke hannu, mutuwa ta ragu ƙwarai, amma abokan aikinsa suka ƙi yarda suka juya masa baya. Nakan ba da labarin ina girgiza kai, ina mamakin taurin kan mutanen nan, kuma a zuciyata kullum ina gefen likitan. Sai da na yi ritaya, ina zaune a zauren nan ba aikin fari ba na baƙi, na gane a wane gefe nake. Su ma ba jahilai ba ne. In sun yarda da shi, to sun yarda ke nan cewa hannayensu ne suka kashe matan, wannan kuwa ya fi ƙarfinsu. In kin zo wannan labarin, kada ki mai da su abin dariya. Ki sa yara su daɗe a kansu, su tambayi kansu a wane hali su ma za su ƙi gaskiyar da suka gani. Yawancinmu ba za mu taɓa gano wani abu sabo ba. Abin da zai same mu shi ne wani ƙarami ya gano a gabanmu, a ga yadda za mu yi da shi.

Watan jiya, da na je Doguwa gidan Gwaggonki Hadiza don shirya inda za ki zauna, ina tsakar gida sai ga sallama. Wata mata ce da ƙwaryar kindirmo, da budurwa a bayanta. Ban gane ta ba sai da ta durƙusa ta ce, "Malam, Rabi ce, ta Malam Hudu." Ashe aure ya kai ta can, gidanta ne na uku daga na Gwaggonki. Mahaifinta ya rasu shekara shida da suka wuce, ban ma ji ba. Mun gaisa, na yi mata ta'aziyya, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ta ji 'yata ce za ta zo koyar da kimiyya, ta yi murna ƙwarai.

Gwaggonki, kin san ta da baki, ta nuna budurwar ta ce, "Ga ɗalibarta nan tun yanzu. Wannan Bilkisun babu fitilar sola ko rediyon da ya lalace a unguwar nan ba a kawo mata ba. Ta warware shi kaf, ta mayar, ya tashi."

Rabi ta ce, "Wasa ne kawai, Gwaggo. Ai na ce mata ta bi adabi ta huta, kanta irin nawa ne." Sai ta juyo gare ni tana dariya. "Malam, ka tuna ranar da na kasa ƙirga masara ɗari? Har na je na tayar wa Baba hankali a banza. Wallahi har yau in na tuna sai kunya ta kama ni."

Ba gatse take yi ba, Ummi. Na duba fuskarta da kyau ina neman gatsen, da na samu da na ji sauƙi. Ta yarda ne har zuciya. Ta ga gonar mahaifinta da idonta, ta ci yunwar shekarar, amma maganar malami ta fi mata abin da ta gani ƙarfi, ta bar laifin a kan ruwa kamar kowa. Bilkisu tana tsaye a bakin ƙofa ta sunkuyar da kai tana jan bakin mayafinta. Ga Gwaggonki, ga Rabi, ga 'yarta, babu wani baƙo, babu Alhaji, babu abin da zan rasa. Na buɗe baki na ce, "Allah Ya yi albarka." Na sha kindirmon, na hau mota na dawo Ƙofa. Tun ranar abin yake cina, kuma na ji kunyar kaina irin wadda ban taɓa ji ba.

Ba na roƙon ki fifita Bilkisu a kan sauran yara, wannan wani zaluncin ne daban. Ba na kuma cewa dole ta yi kimiyya. In ta duba ta ga adabi take so, hanya ce mai kyau, Allah Ya taimake ta. Amma kada ta zaɓa a kan ƙaryata. Na yi tunanin in ba ki saƙo ki kai wa Rabi, sai na ga in na yi haka na sake aiken yaro ɗauko alli ne. Kuma daga bakinki ba za ta yarda ba, za ta ce kirki ne irin na 'yar malam. Bakin da ya faɗa mata ta yi kuskure shi kaɗai zai iya warwarewa.

Don haka ranar Asabar ni zan raka ki, na riga na gaya wa mahaifiyarki, ban dai gaya mata dalili ba. In mun sauke kayanki, zan nemi izinin maigidan Rabi, mu shiga mu biyu, a kira Bilkisu ta zauna. Zan ce mata arba'in da ɗaya ne, na ƙirga bayan ta tafi, na sani tun ranar, kuma na sani lokacin da mahaifinta ya cire takalminsa ya shigo ofishina. Abin da za ta yi da maganar nata ne. Tana iya yafewa, tana iya ƙi, shi kuwa Malam Hudu ba ni da inda zan same shi sai gaban Allah.

Amma na san halina, sau uku ke nan ana ba ni dama. In muka zauna kika ji na fara zancen ruwan bana da lafiyar hanya, kika ga ina shirin cewa Allah Ya yi albarka, to na yafe miki kunyar da ke tsakanin 'ya da uba na wannan rana. Ki katse ni a gabansu. Ki ce, "Baba, nawa ne suka tsira?" Ki tsaya a kaina har in faɗa.

Allah Ya tsare mini ke a tafiyarki da zamanki, Ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane da sharrin son a yabe ki. Ya sa yaran da za a damƙa miki su fita daga hannunki suna yarda da idanunsu. Ya jiƙan Malam Hudu, Ya jiƙan wadda kika ci sunanta, Ya ba ni ƙarfin ranar Asabar.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki